Ranar haihuwarka ce, to wa zai ciyar da wa?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau na sha kunya a wurin aiki, har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata bakwai ke nan da fara aikina a Jamus. Yau ranar haihuwata ta zagayo, ban gaya wa kowa ba, ashe akwai kalanda manne a ɗakin shan shayi da sunan kowa da ranarsa. Ina shiga aka yi ta miƙo mini hannu ana taya ni murna, har na fara jin daɗi. Ƙarfe goma na yi sai na ga ana taruwa, an jera faranti da cokula masu yatsu, an dafa kofi, kowa ya zuba mini ido. Ni ma na zuba musu ido, ina jiran in ga ta ƙofar da kek zai shigo. Mun fi minti biyu a haka ana murmushin dole. Sai wata dattijuwa da muke zama kusa da juna ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa a nan mai ranar ne yake kawo kek. Na ce wa? Ta ce ke. Haka na suri jaka na ruga gidan burodi na kwaso abin da ya rage, rabi na tuffa rabi na cuku, ko kama da juna ba su yi ba.

Tambayata ita ce, don Allah wannan a Jamus kaɗai ake yi ko ni ce a baya? Kuma waɗanda suka zauna a wasu ƙasashe, me ake ci a ranar, wa yake dafawa?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, baƙo ko da idonsa makaho ne. Ba ke kaɗai ba ce, a Holan ma haka abin yake, har ya fi tsanani. Tun daga makarantar firamare yaro yake zuwa da ɗan abin rabo ga 'yan ajinsu ranar haihuwarsa, suna ce wa abin trakteren. In ya girma ya fara aiki sai ya koma kai kek ofis. A gida kuwa kujeru ake jerawa a da'ira, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya taya shi murna, ba mai ranar kaɗai ba. Za a ce maka ina taya ka murnar ranar maƙwabcinka. Karon farko da aka yi mini haka na ce a'a, ba ni ba ne, ga mai ranar can. Aka yi ta dariya. Sannan a miƙo maka kofi da yanka ɗaya na kek. Ɗaya tak. Kada ka sa ran ƙari.

Anti Rabi:
Ikon Allah. Ranarka, kuɗinka, wahalarka, sannan a zauna a zuba maka ido? Wannan ai ba murna ba ce, tara ce aka ci ka. Ni a ganina wanda ake yi wa biki hannunsa ba ya taɓa tukunya. Maman Hanan da ni ce ke da na zauna abina, mu yi ta kallon juna har a tashi aiki.

Maman Hanan:
Anti ba za ki gane ba sai kin ga idanun nan. Mutum goma sha ɗaya, kowa da farantinsa a hannu.

Malam Tanimu:
Anti Rabi, a yi mini afuwa, amma tarihi yana bayan Jamusawan nan. Mai ranar ya ciyar da mutane shi ne tsohon tsari, a kawo masa kek a yi masa ba-zata shi ne baƙo. Herodotus, masanin tarihin Girka da ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa Farisawa ba su da ranar da suke girmamawa kamar ranar haihuwarsu. Ya ce mai hali a cikinsu yakan gasa sa, ko doki, ko raƙumi, ko jaki sukutum a cikin tanda ya ajiye wa baƙi, talaka kuma ya yanka ƙaramar dabba. Ya ƙara da cewa ba su cika cin abinci mai nauyi da yawa ba, amma kayan zaƙi a biyo da su kala-kala. Kun ga ba a ce maƙwabta ne suka haɗa masa raƙumin ba.

Akwai kuma wani abu da nake so ƙwarai. A arewacin Ingila, a wani sansanin sojan Rumawa da ake kira Vindolanda, an tono wasu siraran allunan katako masu rubutun tawada. Ɗaya daga ciki wasiƙa ce ta wajen shekara ta 100 miladiyya, wata mata mai suna Claudia Severa ta aika wa Sulpicia Lepidina, matar kwamandan sansanin, tana gayyatarta bikin ranar haihuwarta ran 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta jikin wasiƙar, amma gaisuwar ƙarshe da hannunta ta rubuta, yana kuma cikin rubutun Latin mafi daɗewa da aka sani mace ta yi. Allon yana gidan tarihi na British Museum a Landan. Mai ranar ce take gayya, ita ce mai masauki.

Anti Rabi:
To Malam, ita matar soja ce mai bayi da barori, ba ita za ta tsaya gaban murhu ba. Kada ka haɗa ta da mai jiran albashi.

Malam Tanimu:
Wannan kam kin kama ni. Na sallama wannan gaɓar.

Ɗan Gaske:
Ni dai abin da nake gani, duk wannan bikin ba shi da asali a addini, malamai da yawa sun yi magana a kai. Me ya kai mu tattauna shi?

Kawu Sale:
Ɗan Gaske, maganarka tana da muhallinta, kuma kowa ya san malamin da yake bi. Amma baiwar Allah ba fatawa ta nema ba, tambaya ta yi kan yadda mutanen duniya suke yi don kada ta sake jin kunya a inda take neman abincinta. Sanin al'adar mutane daban, yin ta daban. Mu tsaya a kan abin da aka tambaya, wanda yake son waccan muhawarar ya buɗe mata nata zaren.

Ummu Zahra:
Bari in kawo muku wadda ta sauya mini tunani gaba ɗaya. Na yi karatu shekara uku a Koriya ta Kudu, ɗaki ɗaya muke da wata 'yar ƙasar. Ranar haihuwarta ta farko da muka yi tare, na tashi da asuba na same ta a kicin ta jiƙa wani baƙin abu busasshe a kwano, kamar tsumma. Kafin in idar da salla ya kumbura ya cika kwanon, ya koma kore mai santsi. Ta matse shi, ta yayyanka, ta soya da man riɗi da 'yan yankan naman sa, ta sa tafarnuwa da ruwan waken soya, ta tsaida ruwa ta bar shi yana ɓararraka. Ganyen teku ne, miyar kuma sunanta miyeokguk. Ta zuba mana da farar shinkafa. Ni da na sayo mata ɗan kek a ɓoye sai na ji kamar na zo da abin wasan yara.

Na tambaye ta me ya sa wannan miyar. Ta ce ita ce abincin mai jego a ƙasarsu. Mace tana haihuwa ita ake fara ba ta, kuma haka za ta yi ta sha safe da yamma har makonni. Don haka duk shekara in ranar ta zagayo, ɗa yakan sha abin da uwarsa ta sha lokacin da ta haife shi. Kafin ta kai cokali baki sai da ta kira babarta a waya. Ban ji me suke cewa ba, amma na ga tana share ido da bayan hannu.

A can in ranar haihuwarka ce, tambayar da za a yi ta yi maka ita ce, ka sha miyar ganyen teku kuwa? Wato ana tambaya ko akwai wanda ya kula da kai yau. To ku duba, a Jamus ranar ta baƙi ce, mai ranar yana ciyarwa. A wurin Anti Rabi ranar ta mai ranar ce, a ciyar da shi. Su kuma Koriyawa sun ce ku dakata, wa ya sha wahala a ranar nan? Jaririn ai ba abin da ya yi sai kuka.

Anti Rabi:
Kai, wannan ta shige ni. Haihuwa shida na yi, ba wanda ya taɓa tuna cewa ni na yi naƙudar. Sai dai a zo a ce Mama ranar bazday ɗina ce, me za ki saya mini. Bari su dawo daga makaranta.

Baban Yusra:
Anti a yi musu sassauci, ba su san da Koriya ba.

Ni kuma tawa kunyar da 'yan Sin na sha ta. Na yi aiki da wani kamfanin gine-gine, injiniyoyin duk 'yan can ne. Ranar haihuwar babbansu aka kira mu cin abinci, aka kawo kwanon taliya da romo da ƙwai a sama. Ni ban iya cin abinci da tsinken nan nasu ba, sai na ɗauki cokali na fara datsa taliyar gutsi-gutsi don ta yi mini sauƙi. Wurin ya yi tsit. Tafintanmu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ashe taliyar tsawon rai ce, changshou mian suke ce mata, tsawonta shi ne fatan tsawon kwana. Ba a yanka ta wajen dafawa, ba a gutsura ta wajen ci, zuƙe ta ake yi har ƙarshe. A wasu wuraren ma zare ɗaya ne tak mai tsawo ya cika kwanon. Ni kuwa ga ni zaune ina daddatse rayuwar shugabana da cokali. Allah ya sa kwanona ne ba nasa ba, kuma mutumin mai raha ne.

Ga tsofaffi kuma akwai wani burodi da ake turarawa, a yi masa siffar 'ya'yan itacen da suke kira tao, a shafa masa ja a baki, a cusa zaƙi a ciki. A tatsuniyoyinsu wannan ɗan itacen ne abincin waɗanda ba sa mutuwa.

Sadiya M.:
Taliyar nan ta ƙetara har Filifin. Abokiyar aikina 'yar can ce, ta ce ba a bikin haihuwa ba pancit, kuma daga 'yan kasuwar Sin suka gaje ta da ma'anarta ta tsawon rai. Na yara kuma sufageti ne mai zaƙi, da miyar da ake yi da ayaba. Na ɗanɗana sau ɗaya. Abincin wani dai gubar wani. Kuma Anti Rabi ki riƙe zuciyarki, su ma mai ranar ne yake fitar da abokai ya biya.

Abu Safwan:
Girkawa ma haka, sai dai su ranar waliyyin da aka sa maka sunansa ta fi ranar haihuwa nauyi. Duk masu suna ɗaya rana ɗaya suke biki, kuma su ne suke rabon kayan zaƙi.

Fa'iza:
Duk na karanta, amma ku yarda da ni, waɗannan abubuwan suna kan hanyar ɓacewa. Ku buɗe Instagram ku nemi hoton bikin haihuwa daga kowace ƙasa. Kek ne, kyandir, balan-balan, waƙa ɗaya. Yarinyar Seoul da ta Sao Paulo da ta Jakarta hoto iri ɗaya suke ɗorawa. Kek ya cinye kowa. Nan da shekara talatin wa zai tashi da asuba yana jiƙa ganyen teku?

Ummu Zahra:
Fa'iza, hoto ne yake ruɗin ki. Miya ba ta kyau a hoto, shi ya sa ba ki ganinta. Ita ƙawar tawa da safe ta sha miyarta, da dare muka yanka kek ɗin da na sayo muka ɗauki hoto. Wanda ya ga hoton zai ce ta bar al'ada. Har a kantunansu ana sayar da miyar a leda, ka ɗumama kawai, saboda ɗalibai da gwauraye da ba mai dafa musu. Abin da yake mutuwa ba a yi masa leda.

Fa'iza:
Ai ledar ce alamar ciwon. Kin ce ma'anar tambayar ita ce wa ya kula da kai. In ka saya a kanti ka ɗumama kai kaɗai, wa ya kula da kai?

Ummu Zahra:
Wannan gaskiya ne, ban da amsa a kai. Sai dai ko shi mai ledar yana tuna uwarsa yayin da yake sha, in ba haka ba da ya sayi wani abin.

Malam Tanimu:
Fa'iza, shi kansa kek ɗin da kike gani kamar sarkin duniya jiya-jiya ya samu sarautar. Za ku ga ana yawo da labarin cewa Girkawa ne suka fara sa kyandir a kek don allahiyarsu Artemis. Gaskiya ne suna kai mata waina da 'yan fitilu, amma wannan hadaya ce a wurin bauta, ba bikin haihuwar kowa ba, kuma tsakaninta da kek ɗinmu akwai ƙarnuka masu yawa da ba abin da ya haɗa su. Bayani mai ƙarfi da ake da shi daga Jamus yake, ƙasar da Maman Hanan ta sha kunya. A 1746 aka yi wa wani basarake mai suna Zinzendorf biki a Marienborn, wani baƙo da ya halarta ya rubuta cewa an toya kek iya girman da tanda za ta ɗauka, an huda shi daidai yawan shekarun mutumin, kowane rami da kyandir, ga kuma ɗaya a tsakiya. An haife shi a 1700, sai ku lissafa kyandiran.

Amma wannan harkar masu hannu da shuni ce. Sukari a lokacin kayan alfarma ne, kuma kafin kek ya tashi sai an yi ta bugun ƙwai har hannu ya gaji, ko a sa yis a jira. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa hodar da ke sa ƙulli ya tashi, saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis. Ku haɗa da arahar da sukari da fulawa suka yi a ƙarni na 19, da tandar ƙarfe da ta shiga gidajen talakawa, sai kek ya sauko daga fada. Duka-duka bai kai shekara 200 a hannun talaka ba.

Dakta Bilki:
Tunda an zo kan kyandir bari in ɓata muku rai kaɗan. A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Clemson ta Amurka sun gwada hura kyandir a kan kek, suka auna ƙwayoyin bakteriya a saman kirim ɗin. A matsakaici sun ninka kusan sau 14. Su da kansu sun ce ga mai lafiya ba abin tashin hankali ba ne, yawancin ƙwayoyin baki ba sa cutarwa. Amma in mai ranar yana mura ko tari, don Allah a yanka masa nasa daban ya hura a kai. Lokacin korona a 2020 mutane da yawa sun koyi haka, daga baya aka koma gidan jiya.

Ganyen teku kuma yana da sinadarin ayodin sosai. Kwano ɗaya a shekara ba komai, amma mai ciwon maƙoƙo ko wata matsalar wannan ƙullin na wuya ta tambayi likitanta kafin ta mayar da shi abincin kullum.

Baban Yusra:
Dakta kullum sai kin zuba mana yashi a abinci.

Sadiq Ɗan Ƙwallo:
Ni abin da ya fi ba ni sha'awa ba abincin ba ne, wa ake fara ba wa. A Brazil yankan farko na kek ba mai ranar ne yake ci ba, miƙa shi yake yi ga wanda ya fi ƙauna a wurin, kowa yana kallo. Ku yi tunanin magidanci tsaye da faranti, ga uwarsa ga matarsa. Wallahi gara a ba ni jarrabawar lissafi. Yara suna da sauƙi, uwa suke miƙa wa a wuce wurin.

Kuma ba a biki a can ba brigadeiro, wasu 'yan dunƙule-dunƙule da ake yi da madarar gwangwani mai kauri da garin cakulan da man shanu, a mulmula a barbaɗe. Sunan daga muƙamin soja ne. Birgediya Eduardo Gomes ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1945, labarin da ake bayarwa shi ne mata magoya bayansa ne suka riƙa yin alewar suna sayarwa don kamfe. Ya faɗi zaɓe, alewar ta ci.

Sadiya M.:
Indunusiya ma suna da irin wannan. Tumpeng, shinkafa ce da ake dafawa da madarar kwakwa da gangamau ta yi rawaya, a tsira ta kamar dutse a tsakiyar faifai a kan ganyen ayaba, a kewaye ta da kaza da ƙwai da ganyayyaki. Mai ranar yakan yanke ƙoƙuwar ya miƙa wa wanda ya fi girma ko daraja a wurin. Su nasu ya fi sauƙi, girma ake bi, ba soyayya ba, don haka ba mai fushi.

Hajiya Balaraba:
'Ya'yana duk na ji, kuma na ƙaru. Amma akwai wanda raina ba ya so, wasa da abinci. Jikata ta nuna mini bidiyo daga Meziko, yarinya ta sha kwalliya ta sunkuya za ta ciji kek, ana ta ihu, sai wani ya danna kanta ciki. Fuska duk kirim, kek ya lalace, yarinyar tana kuka manya suna dariya. Wannan wace irin murna ce?

Sadiq Ɗan Ƙwallo:
Hajiya mordida ke nan, ma'anarta cizo. Yawanci gefe ɗaya ne yake ɓaci, a ci sauran. Amma ba su kaɗai ba ne. A Jamaika fulawa ake watsa wa mai ranar. A gabashin Kanada man shanu ake shafa masa a hanci wai don tsiya ta zame ta kasa kama shi. Denmak kuwa in ka cika 25 ba ka yi aure ba, abokai za su ɗaure ka a jikin turke su yi maka wanka da garin kirfa. In ka kai 30 a haka sai a koma masoro.

Abu Safwan:
Sadiq shekararka nawa ma?

Sadiq Ɗan Ƙwallo:
Yaya a bar wannan maganar. Ba na zuwa Denmak.

Hajiya Balaraba:
Ko gefe ɗaya ne ɗana, abinci ne. Wanda ya taɓa kwana da yunwa ba ya dariya in ya ga ana watsa fulawa a titi. Ni dai ba su burge ni ba.

Dakta Bilki:
Ina bayan Hajiya kan danna kai a kek, kuma da dalilin asibiti. Kek mai hawa-hawa ana soka masa tsinken katako ko na roba a ciki don ya tsaya. A danna fuskar mutum a kai, tsinken ido zai nema. Denmak ɗin nan kuma suna da wani kek na yara mai siffar mutum, kagemand, da alewa a jikinsa da 'yan tutocin ƙasar. Wuyansa ake fara yankewa, yaran duka su ƙwala ihu. Wannan dai ba ya cutar da kowa sai kek ɗin.

Fa'iza:
Hajiya to ga wanda zai yi miki. A Ostireliya da New Zealand abincin bikin yara yankan farin burodi ne a shafa man shanu, a barbaɗa 'yan ƙwayoyin sukari masu launi, a yanka kusurwa uku. Shi ke nan. Ƙasashe masu arziki, amma yaro bai yarda an yi biki ba in babu shi. A Ghana kuma akwai oto, doya ce ake dafawa a murƙushe da manja a ɗora dafaffen ƙwai, a ba mai ranar da safe.

Hajiya Balaraba:
Yawwa. Waɗannan sun san darajar abinci.

Malam Tanimu:
Akwai wani abu da muka tsallake. Duk muna magana kamar kowa a duniya yana ƙara shekara ne a ranar da aka haife shi, alhali a gabashin Asiya da can ba haka ba ne. Ana haihuwar jariri a ce shekararsa 1, sabuwar shekara na kamawa kowa ya ƙara ɗaya tare. Japan ta koma lissafin ranar haihuwa a harkokin yau da kullum da wata doka da ta fara aiki a 1950. Koriya ta Kudu kuwa sai ran 28 ga Yuni 2023, mutane suka wayi gari sun rage shekara ɗaya ko biyu a takarda. A Biyetnam ma bisa al'ada a bikin Tet, wato sabuwar shekararsu, kowa yake ƙara shekara. Shi ya sa bukukuwan da suka fi nauyi a yankin ba na kowace shekara ba ne, na cika shekara ɗaya ne, da na cika 60, lokacin da kalandarsu mai zagayen shekara 60 take komawa inda ta faro.

Ummu Zahra:
Malam ka tuna mini. A harshen Koriyawa ma cewa suke yi mutum ya ci shekara, kamar yadda ake cin abinci. Ranar sabuwar shekara akwai miyar yankakken wainar shinkafa, tteokguk, in ba ka sha ba a ce ba ka ƙara shekara ba. Yara har kwano biyu suke nema wai su riga yayyensu girma.

Na kuma halarci bikin cika shekara ɗaya na ɗan wani malaminmu. An tara wainar shinkafa fara tas da wata ta dawa da jan wake, aka zaunar da yaron gaban tire mai zare da kuɗi da alƙalami da abin awon ƙirji na likita. Abin da ya ɗauka wai shi ne makomarsa. Uban yana ta tura kuɗin gaba da ɗan yatsa, yaron ya tsallake komai ya damƙi waina ya kai baki.

Dakta Bilki:
Yaron ya fi kowa hankali a ɗakin. Na Japan ya fi ba ni tausayi, wainar shinkafa mai nauyin kusan kilo 2 ake goya wa ɗan shekara ɗaya a baya, wai don kada ya rasa abinci tsawon rayuwarsa. Yana tashi yana faɗuwa, iyaye suna ɗaukar hoto.

Anti Rabi:
Na dawo. Na tara su shida na ba su labarin Koriya. Babbar ta yi shiru, autan ya ce to Mama ke ma ai Kaka ce ta haife ki, me kika taɓa dafa mata? Na kore su su je su yi aikin makaranta.

Kawu Sale:
Anti, yaron nan a sa shi karatun lauya.

Maman Hanan:
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Na farko, na samo ganyen tekun a wani kantin 'yan Asiya na ce bari in gwada ko da ranar ta wuce. Ummu Zahra ba ki gaya mini yawan da ake jiƙawa ba. Na juye ledar gaba ɗaya a roba na shiga wanka, na fito na tarar ya cika robar ya zubo har kan kanta. Yau kwana uku muna shan miyar, maigidan ya ce in ya sake ganin kore a kwano zai koma cin abinci a waje. Amma na kira Mama, mun daɗe muna hira, har ta ba ni labarin daren da aka haife ni, wanda ban taɓa tambayarta ba.

Na biyu, dattijuwar nan da ta cece ni, na duba kalanda na ga gobe ne ranarta, kuma gobe ba na zuwa aiki. Sai na ce bari in rama alheri. Da za mu tashi yau na je na rungume ta na taya ta murna tun yanzu. Matar nan ta ja da baya, fuskarta ta sauya, ta ƙwanƙwasa tebur sau uku ta ce ba ta ji ba, ba ta ji ba. Me na yi kuma?

Abu Safwan:
Innalillahi. 'Yar uwa, a Jamus ba a taya mutum murna kafin ranar, ko da awa ɗaya ne, camfinsu shi ne yana jawo tsiya. Rashawa ma haka. Bayan ranar ba laifi, ko da kwana uku ne.

Maman Hanan:
Yaya Abu Safwan, kwana huɗu kana cikin zaren nan kana ba mu labarin kujerun Holan.

Abu Safwan:
Ai ba ki tambaya ba. Jibi ki je da fure, kuma kada ki taɓa kek ɗin sai ta miƙo miki.

Ummu Zahra:
Ganyen kuma cikin tafin hannu ɗaya ya ishi mutum huɗu. Sauran ki matse ki ƙulla a leda ki sa a firiza.